Askar da Ta Bi Ni Har Kumasi

Da za a ba ni dama in goge rana ɗaya daga rayuwata, wanda ya karanta wannan zai ɗauka ranar da na kai jaririyata wurin wanzami zan zaɓa. Ita ma ina nadamarta. Amma wadda ta fi ci mini rai wata Lahadi ce, da na tsaya a gaban ikilisiya, aka miƙo mini abin magana, na faɗi rabin abin da na yi alkawari, na koma na zauna.

Sunana Ayuba, a unguwarmu a Kafanchan kuwa Baban Luka ake ce mini. Na yi aikin gyaran layin dogo har bayana ya gaji, na koma noman citta. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan Turancin da na tsinta a wurin aiki. Matata Hannatu daga wani ƙauye take kusa da Gwantu. Ba ta shiga aji ba. Yarensu take ji da Hausa, kuma a lokacin ita ce mai ba da waƙa da kaɗa tulu a Zumuntar Mata ta cocinmu.

Godiya ce autarmu. A gida aka haife ta, jini ya ƙi tsaya wa Hannatu, aka kwashe ta zuwa asibiti, jaririya ta zauna a hannun yayata Laraba. Duk abin da aka ɗiga mata a baki sai ta ƙware, ta yi ta kuka har murya ta dushe. Ni na girma ina jin cewa jaririn da ya ƙi haɗiya beli ne ya tare masa wuya, wato ɗan naman nan da ke reto a can cikin baki. A cocinmu ana wa'azin a daina cire shi, ni kuma ba a daɗe da naɗa ni dattijon ikilisiya ba. Saboda haka na jira Yaya Laraba ta tafi kai abinci asibiti, na naɗe yarinya a zane, na bi ta bayan kasuwa.

Wanzamin ya buɗe bakinta ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, belin nan biyu ne. Ban saba ganin irinsa ba. Da ka bari."

Na ce, "Shi ya sa ba ta haɗiya. Cire su duka."

Ya cire. Zanen da ya ɓaci na jefa a masai, ban gaya wa kowa ba.

Da Hannatu ta dawo ta sa ta a nono, sai ga nono yana fitowa ta hanci. Ta fita da ita rana ta buɗe bakin. A rufin bakin akwai tsaga, doguwa, har kana hango cikin hanci. Ni ban taɓa leƙa bakin ba kafin aska, don haka nan take na yanke wa kaina hukunci cewa askar ce ta zarce. Na yi shiru.

Shirun nan wasu suka cika shi. Yaya Laraba ta tuna cewa Hannatu ta yi ta faskare da gatari tana da ciki, wai shi ya tsaga bakin yarinyar. Wata ta ce an taɓa ganin mai tsagaggen leɓe a dangin su Hannatu. Masu ciki suka daina shigowa gidanmu. Hannatu ta mayar da tulun Zumunta, ta ce ba ta da lokaci. Da gaske ma ba ta da shi, don yini take tana tatsar nono a kofi tana ba yarinya da ɗan cokali, rabi ya shiga, rabi ya dawo ta hanci.

Wata nas a cocinmu ta ce mu je Jos, ana ɗinke irin wannan. Na yi ta kawo dalili, yau shuka, gobe girbi. Gaskiyar ita ce a Jos likita da nas duk suna jin Hausa, kuma na tabbata da sun buɗe bakin za su ce a gaban Hannatu, wannan yankan aska ne. Ana nan sai Alhaji Sidi, wani ɗan Kumasi da ke sayen busasshiyar citta a hannuna, ya ce a garinsu akwai asibitin da ake wannan aiki, in mun zo mu sauka gidansa. Na kama maganar da hannu biyu. A Gana Turanci za a yi. Ni zan zama tafinta, abin da na ga dama shi Hannatu za ta ji. Godiya ta kusa shekara lokacin.

A Ikko aka fara cutarmu. Wani mai jar hula ya ji muna Hausa a tasha, ya rungume ni kamar ɗan'uwa, ya kai mu wata mota ya rantse ba za ta tsaya ba sai Kumasi. Muka ƙetare iyakar farko, muka wuce Kwatano, ga teku a hagunmu, Hannatu tana ta kallonsa tana tambaya ko ruwan nan yana da ƙarshe. Da muka isa Lome direba ya ce kowa ya sauka ya ci abinci. Kafin Hannatu ta gama canja wa yarinya tsumma, motar ta cika da wasu fasinjoji ta juya. Buhunmu yana sama, da garin acca da na kunu a ciki, da kofin Godiya da cokalinta.

Ba kayan sawa suka dame mu ba, cokalin ne. Yarinya tana kuka, nono yana zuba, ba abin da za a ba ta da shi. Duk wanda na yi wa Turanci sai ya amsa mini da Faransanci. Wata tsohuwa mai sayar da koko a bakin tashar ta yafito Hannatu. Ba su da kalma ɗaya da suka haɗa. Ta karɓi yarinya, ta buɗe bakin, ta gyaɗa kai. Ta ɗauko wani ɗan ƙoƙo cikin kayanta, ta sa wuƙa ta fere masa ɗan baki a gefe, ta goge shi a dutse har ya yi santsi, ta wanke da ruwan zafi. Ta nuna wa Hannatu ta zaunar da yarinyar tsaye, ta zuba ta gefen kunci. Godiya ta sha. Na miƙa wa tsohuwar kuɗi, ta buge mini hannu, ta nuna mana hanyar iyaka da haɓa.

Da ƙafa muka shiga Gana. A cikin motar Ankara, babban birnin ƙasar, Hannatu ta jingina kai da kujerar gaba ta ce, "Baban Luka, ka yi haƙuri. Duk wahalar nan ni na jawo maka."

Na ce, "Ba komai."

Na sha faɗin kalmomin nan a rayuwata, amma ban taɓa faɗinsu da ƙazanta irin ta ranar ba.

A Kumasi muka tarar Alhaji Sidi ya yi tafiya. Mahaifiyarsa, Hajiya, ita ta karɓe mu a Zango, unguwar da masu jin Hausa suka taru. Ta ba mu ɗaki kusa da nata. Da ta ga Hannatu tana juya dokunu a kwano ba ta ci, wato curin masara mai tsami da suke dafawa a ganye, sai ta sa aka tuƙa mana tuwo da miyar kuka. Ranar Lahadi ita da kanta ta ce, "Ku ba ku zuwa cocinku ne? Ga shi can bayan masu albasa." Muka je. Da yaren Asante aka yi sujada daga farko har ƙarshe, ba mu ji komai ba, sai da suka ɗauko wata waƙa da muryarta iri ɗaya ce da tamu. Na ji Hannatu tana bi da Hausa a hankali, yatsunta suna kaɗawa a cinyarta kamar tulu ne.

A asibiti wani ƙaramin likita ya auna Godiya ya ce ta yi rama da yawa, sai ta ƙara nauyi kafin babban likita ya gan ta. Ni na fassara, kuma na fassara daidai, don ba abin ɓoyewa a ciki. Na ji daɗi, na ce dabarata tana tafiya. Makonnin jiran na yi su ina dakon albasa a kasuwa. In na sauke buhu sai in tuna lokacin tonon citta ne a gida, kowa ya baza tasa a kan duwatsu da gefen titi, iskar gari duk yaji, tawa kuma tana ƙasa sai yadda ɗana Luka ya yi da ita. Na yi kewar har ƙarar jirgin da a da nake zagi.

Ranar ganin babban likita muka shiga ɗakinsa, ga wata nas mai jiki tsaye da farin mayafi. Ta dubi takardarmu ta ce, "'Yan Najeriya ne? Sannunku da zuwa. Yaya hanya?" Sunanta Sista Memuna, haihuwar Zango. Na yi gyaran murya na ce ni zan fassara wa matata.

Ta ce, "Baba, ka huta. Turancin likita ba irin na kasuwa ba ne."

Likitan dogo ne mai furfura. Ya danne harshen Godiya da ɗan katako, ya haska fitila. Ya daɗe. Sannan ya yi tambaya, ni kuma na fahimce ta tun kafin a fassara. Na buɗe baki zan roƙe shi mu fita waje, Sista ta riga ni.

"Likita ya ce, wa ya yanke wa yarinya beli?"

Hannatu ta ce, "Ba a yanke ba. Mu ba ma yi. Mijina dattijon ikilisiya ne."

Sista ta mayar masa. Ya girgiza kai, ya kira Hannatu ta matso, ya nuna mata da fitila. "Ya ce ga tabo nan, dama da hagu. Tsoho ne, tun tana jaririya."

Hannatu ta juyo ta dube ni, ba da zargi ba. Kallon wadda ke jira mijinta ya gyara kuskuren baƙo ne.

Na ce, "Ni na kai ta. Kina asibiti."

Godiya tana wasa da igiyar da ke wuyan likita. Na ci gaba, don na ga in na tsaya ba zan sake iya farawa ba. Na ce askar ce ta huda ta, na sani tun ranar farko. Da aka fassara masa, likitan ya ce a'a. Ya ce da tsagar aka haife ta. Tun tana ciki rufin bakin bai gama haɗuwa ba, shi ya sa ma belin ya rabu biyu. Yana faruwa a kowace ƙasa.

Hannatu ta ce, "Tambaye shi gatari."

Sista ba ta gane ba, sai da aka yi mata bayani. Likitan ya ce ba gatari, ba abin da uwa ta ci, ba abin da ta kalla.

"Sake faɗa," in ji Hannatu. Sista ta sake.

Ni har na fara jin wani nauyi yana sauka daga wuyana, sai likitan ya juyo gare ni. Ya ce askar ba ta yi ramin ba, amma ta ɗebi naman da zai jawo ya rufe can baya, inda murya ke bi. Zai rufe ramin, abinci zai daina fita ta hanci. Maganar yarinya kuwa, ba zai yi alkawari ba.

Daga ɗakin nan Hannatu ta daina yi mini magana. Ba ta yi faɗa ba. In na kawo abinci ta karɓa, in na miƙa hannu zan ɗauki yarinya ta juya kafaɗa. Aka ba su gado a ɗakin yara, maza kuma ba sa kwana a ciki, sai na samu wuri a baranda tare da wasu iyaye maza biyu. Sista Memuna ta raɗa mini suna. Kullum ta shigo aiki sai ta ce, "Abokin wanzami, an tashi lafiya?" Matan ɗakin suka ɗauka. Na ji haushi da farko, daga baya na gane da ba don tsokanar nan ba, ba mai kula ni a garin.

Ranar aiki aka hana Godiya komai tun da safe. Ta yi ta kai hannu wajen ɗan ƙoƙon Lome tana kuka, Hannatu ta ɓoye shi a zani tana zagaya baranda da ita. Da aka zo ɗaukarta ta riƙe rigar uwarta, sai da aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Muka zauna a benci guda, ita a wancan ƙarshe, ni a wannan. Na so in yi addu'a, na rasa ta inda zan fara. Na ji tana yin tata da yarensu.

Da aka fito da ita ban gane 'yata ba. Fuska ta kumbura, miyau mai jini yana bin gefen baki, an ɗaure mata hannaye biyu da kwali daga kafaɗa zuwa wuyan hannu don kada ta lanƙwasa ta kai yatsa baki. Kukanta ma ya canja, ya zama wani gurnani. Sista ta ce kada cokali ya shiga bakin, kada nono, kada komai mai tauri, sai ruwa-ruwa ta gefe. Ta ga ƙoƙon nan ta juya shi a hannu ta ce, "Wannan ya fi namu. A tafasa shi kawai."

Kwanakin farko Godiya ba ta yarda a kwantar da ita. Hannatu ta riƙe ta a kafaɗa har ƙafafunta suka kumbura. Wata mata daga arewacin Gana, da aka ɗinke wa ɗanta leɓe, ita ke karɓarta in Hannatu za ta kewaya. Ni ina bakin taga ina kallo, aikina wankin tsumma da ɗebo ruwan zafi.

Wata safiya aka ce a gwada kunu mai ruwa. Hannatu ta zaunar da ita, ta zuba ta gefen kunci. Godiya ta haɗiya, ta yamutsa fuska, ta sake buɗe baki. Hannatu ta sa yatsa a ƙarƙashin hancin yarinyar, ta ɗaga ta duba. A bushe yake. Ta sake ba ta, ta sake dubawa. Sai da ƙoƙon ya ƙare tana duba yatsa. Sannan ba tare da ta kalli taga ba ta ce, "Baban Luka, shigo ka riƙe ta. Hannuna ya mutu."

Na shiga na karɓe ta, da kwalayen hannunta suna sukar wuyana. Na fara ba da haƙuri, ta tsayar da ni.

"Askar ban riƙe ka da ita ba. Kai ma neman lafiyarta ka je. Amma shekara guda kana ji ana cewa ni ce, kai kuma a zuciyarka ka ɗauka kai ne, ka bar ni. Har na ba ka haƙuri a mota." Ta goge ƙoƙon da gefen zani. "A inda aka ɗora mini, a nan za ka sauke. Ranar da za mu miƙa ta ga Ubangiji a coci, a gaban Yaya Laraba da 'yan Zumunta, ka faɗi duka."

Na ce na yi alkawari.

Hajiya ta sallame mu da tsarabar sabulu da atamfa, Alhaji Sidi da ya dawo ya sa mu a motar wani amininsa, muka iso gida ba wanda ya cuce mu. Ranar miƙa yarinya coci ya cika. Mata suka rako Hannatu da rawa har gaba. Fasto ya yi addu'a, ya ba ni abin magana. Na gode wa Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu. Na ce likita ya ce da abin aka haife ta. Sai idona ya faɗa kan bencin dattawa, da wurina a ciki. Na ji bakina yana gode wa waɗanda suka taimaki Luka da tonon citta. Na miƙa abin magana na zauna.

A ƙofar coci na ji Yaya Laraba tana cewa, "Ai na faɗa, daga ciki ne." Rabin maganata ya zama shaida a kan Hannatu.

Hannatu ba ta tona ni ba. Sau ɗaya ta ce, "Bakinka ya yi alkawari, ba nawa ba." Kowace shekara ina cewa bana, a bikin godiyar kaka, ko a Kirsimeti. Godiya ta girma lafiya, tana cin komai, yanzu tana da shagon ɗinki kusa da jami'a. Amma maganarta ta hanci take bi, wasu kalmomin sai ka saba da ita. A makaranta an kwaikwaye ta har ta daina ɗaga hannu a aji. Mutane suka ce gadon gidan su uwarta ne. Hannatu ba ta sake taɓa tulu ba. Yaya Laraba ta rasu da abin da ta sani, haka yawancin matan da suka yi rawa a ranar.

Bara aka zo neman auren Godiya. Ana cikin gaisuwa wata gwaggon saurayin ta rage murya ta tambaye ni ko abin nan na wajen uwarta yana bin jikoki. A falon nan, Godiya tana bayan labule, na faɗi duka, daga bayan kasuwa har ɗakin likita. Lahadin da ta biyo na nemi izinin fasto na maimaita a coci, fiye da shekara ashirin bayan lokacinsa. Yawancin masu sauraro ba su ma san an taɓa yin maganar gatari ba.

Godiya ta yi mako ba ta zo gida ba. Da ta zo ta kawo mini riga da ta ɗinka, ta ce in gwada, ba ta ce komai a kan maganar ba, ni ma ban matsa ba. Hannatu kuwa da muka dawo daga coci ta cire ɗankwali ta zauna. Na ce, "Maman Luka, na sauke."

Ta ce, "Ka sauke. Sai dai waɗanda nake so su ji suna maƙabarta."

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ina roƙon duk wanda ya karanta, in jaririnku ya kasa haɗiya, ku fita da shi rana ku leƙa bakinsa, ku kai shi asibitin da ya fi kusa, kada aska ta riga likita. In kuma kun riga kun yi abin da na yi, kuma wani yana ɗauke da laifin a madadinku, kada ku jira Kirsimeti. Ku faɗa tun waɗanda ya kamata su ji suna da rai.